Zaƙin Sauti da Sauƙin Samu: Daga Kaset Zuwa Spotify

A watan Fabrairun 2021 kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya yi wa masu biyansa alkawarin cewa kafin shekarar ta ƙare zai fara ba su waƙoƙi da cikakken sauti irin na faifan CD, wanda ba a rage masa komai ba. Shekarar ta wuce, wasu suka bi bayanta, alkawarin bai cika ba sai a watan Satumban 2025. A tsawon wannan jinkiri na shekara huɗu da rabi, abokan hamayyarsa irin su Apple Music da Amazon Music da Tidal da Deezer duk suna da irin wannan sauti a rumbunansu. Da a ce ingancin sauti ne ke jawo mai saye, da Spotify ya wayi gari kasuwarsa ta watse. Sai ga shi masu biyansa kuɗin wata sun tashi daga miliyan 155 a ƙarshen 2020 zuwa miliyan 276 a tsakiyar 2025.

Wanda ya zauna kwatanta manhajojin sauraron waƙa na yau yakan ɗora su a kan ma'auni biyu: wace ce ta fi zaƙin sauti, wace ce kuma ta fi sauƙin amfani. Gasar da ke tsakanin waɗannan ma'aunai ta girmi intanet da shekaru masu yawa, kuma tarihinta yana da tsari guda da yake ta maimaituwa. Duk lokacin da aka tilasta wa jama'a zaɓar ɗaya, sauƙi suke ɗauka. Inganci yakan biyo baya ne, bayan ya yi arhar da za a iya bayar da shi a matsayin gyara.

Kaset ya buɗe hanya

A shekarar 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya baje wani ɗan ƙaramin kaset a bikin baje kolin kayan rediyo na birnin Balin. Injiniya Lou Ottens ne ya jagoranci ƙera shi, kuma abin da ya fi damunsa shi ne girman abin: yana son ya shiga aljihun riga. Don cimma haka sai da aka siranta zaren kaset ɗin, faɗinsa bai kai milimita 4 ba, aka kuma rage gudunsa zuwa ƙasa da santimita 5 a daƙiƙa. Sakamakon shi ne sauti mai shuu a bayansa, wanda bai kama ƙafar faifan garmaho mai dogon zango da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 ba. Masana sauti na lokacin sun ɗauke shi abin naɗar magana kawai.

Sai dai kaset yana da abin da faifan garmaho ba shi da shi. Ba ya tsalle idan mota ta faɗa rami, yana aiki da batir, kuma kowa na iya naɗar abin da yake so a kansa. Philips ya bar sauran kamfanoni su ƙera shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, ya bazu ko'ina. Da Sony ya fito da Walkman a 1979, waƙa ta bar falo ta bi mutum titi. Kafin tsakiyar shekarun 1980 cinikin kaset ya zarce na faifan garmaho a Amurka.

A ƙasar Hausa tasirinsa ya fi haka zurfi, domin a gidaje da yawa kaset ne na'urar farko da ta ba mutum ikon zaɓar abin da zai ji maimakon jiran abin da gidan rediyo ya ga dama. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa garuruwan Arewa da maƙwabta. Ana kwafa daga kwafi, a sake kwafa daga wannan, kowane zubi yana cin wani abu daga sautin. Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, a littafinsa na 2008 mai suna Signal and Noise, ya yi nazarin yadda wannan dusashewa ta zama wani ɓangare na yadda mutanen Kano suka saba jin waƙa da kallon fim. Kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos sun isa kunnuwan miliyoyin mutane ta wannan hanya, da shuu ɗinsu da komai, kuma ba a fasa saye ba.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, shi ne ya zo da abu biyun a haɗe. Yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ya rubuta shi da lambobi, don haka babu shuu, kuma kwafi ba ya rage shi. Ga shi kuma ana tsallakawa zuwa waƙa ta bakwai da danna maɓalli ɗaya, babu juya kaset da biro. Mutane da yawa sun ɗauka ingancinsa ne ya ba shi nasara. Abin da ya biyo baya ya nuna maɓallin tsallakawar ma yana da kaso mai tsoka a ciki.

Abin da kunne ba ya ji

Matsalar sautin CD ita ce nauyi. Kowace daƙiƙa tana cin kilobit 1,411, wato minti ɗaya na waƙa ya kai kimanin megabait 10. A intanet ɗin shekarun 1990, da ke bin layin tarho, sauke waƙa ɗaya mai wannan nauyi aikin sa'o'i ne.

A cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Erlangen na Jamus, Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa sun tunkari matsalar ta ɓangaren kunnen ɗan Adam. Kunne ba ya jin duk abin da ya shige shi. Ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni da ke kusa da ita, kamar yadda rugugin tambari ke haɗiye raɗar mutumin da ke gefe. Idan na'ura ta iya gano sautukan da aka danne ta zubar da su, waƙa za ta yi sauƙi ba tare da mai sauraro ya lura sosai ba. Brandenburg ya yi ta gwada tsarin da muryar mawaƙiya Suzanne Vega a waƙarta Tom's Diner, domin muryar mutum ita kaɗai ba kiɗa ita ce ta fi saurin tona asirin ragin. An amince da tsarin a hukumance a farkon shekarun 1990, aka raɗa masa suna MP3 a 1995. A kan kilobit 128, waƙa takan koma kusan kashi ɗaya cikin 11 na nauyinta na asali.

A 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya buɗe Napster, manhajar da ta ba mutane damar kwasar waƙoƙi daga kwamfutocin juna kyauta. Yawancin abin da ke yawo a cikinta sautinsa ya gaza na CD nesa ba kusa ba, wani ma an matse shi har kugen ganguna suna fita kamar ana watsa ruwa. Miliyoyin mutane suka ajiye faifansu suka rungume shi. Kotu ta sa aka rufe Napster a 2001, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna. A shekarar ce Apple ya fito da iPod mai ɗaukar waƙa 1,000, a 2003 kuma ya buɗe shagon iTunes yana sayar da kowace waƙa a kan santi 99, ita ma a matse a kan kilobit 128.

A daidai wannan lokaci manyan kamfanoni suna can suna tallata sababbin faifai biyu da suka fi CD zurfin sauti, SACD a 1999 da DVD-Audio a 2000. Dukansu sun tsaya a hannun tsirarun masu sha'awa. Kasuwar waƙa ta duniya kuwa ta shiga faɗuwa, ta yi asarar kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin shigarta tsakanin 1999 da 2014.

Kafin yatsa ya bar maɓalli

Suwidin na cikin ƙasashen da satar waƙa ta intanet ta fi ƙamari, kuma a can ne Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a 2006, ya fara aiki a watan Oktoban 2008. Lissafinsu shi ne doka ba za ta iya kashe satar waƙa ba, sai dai wani abin da ya fi satar sauƙi. Mai sata sai ya nema, ya jira saukewa, wani lokaci ya kwaso cutar kwamfuta. Idan aka ba shi wurin da zai danna waƙa ta tashi nan take, zai iya jure talla, wataƙila ma ya biya.

Saboda haka ƙarfin injiniyoyin farko na kamfanin, ciki har da Ludvig Strigeus wanda ya ƙirƙiri manhajar µTorrent, ya tafi ne a kan gudu. Suka tsara yadda farkon waƙa zai zo daga rumbun kamfani, sauran kuma daga abin da aka riga aka adana a kwamfutar mai sauraro ko kwamfutocin wasu masu sauraro. Tazarar da ke tsakanin dannawa da tashin waƙa ta koma kusan rubu'in daƙiƙa, har mutum ya ji kamar waƙoƙin duniya duk a cikin na'urarsa suke. Sautin kuwa a wancan lokaci matsattse ne, iyakarsa kilobit 320 ga masu biya.

Daga nan ma'anar sauƙi ta faɗaɗa. Rumbun da ke da miliyoyin waƙoƙi yakan bar mutum tsaye bai san abin da zai taɓa ba. A 2015 Spotify ya fara haɗa wa kowane mai sauraro jerin waƙoƙi 30 duk ranar Litinin, bisa abin da ya saba ji da abin da masu irin ɗanɗanonsa suke ji. Manhajar ta karɓi aikin da a da mai shagon kaset yake yi, wanda ya san abokin cinikinsa har yakan ajiye masa sabon fitowa.

Masu riƙe da tutar inganci

Ba kowa ne ya yarda da wannan ciniki ba. Mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, Neil Young, ya daɗe yana kukan cewa MP3 ta yi wa waƙa fashi. A 2014 ya tara sama da dala miliyan 6 daga hannun magoya baya don ƙera na'urar Pono, wadda aka sayar a kan dala 399. Zuwa 2017 harkar ta mutu.

Yunƙurin da ya fi girma shi ne na Tidal. Wani kamfanin yankin Sikandinebiya mai suna Aspiro ne ya fara shi a 2014, mawaƙi Jay-Z ya saye shi a 2015 a kan kimanin dala miliyan 56, ya ƙaddamar da shi a birnin New York tare da jerin manyan taurari a kan dandamali. A lokacin, cikakken sauti a Tidal dala 19.99 ne a wata, ninki biyu na farashin da aka saba. A watan Maris na 2016 kamfanin ya yi iƙirarin yana da masu biya miliyan 3, a lokacin da Spotify ke da miliyan 30. A 2021 Jay-Z ya sayar da mafi yawan hannun jarin ga kamfanin Square na Jack Dorsey.

Ranar 17 ga Mayun 2021 ce ta rufe wannan babi. Apple Music, wanda ya fara aiki a 2015, ya sanar da cewa zai ba kowane mai biya cikakken sauti ba tare da ƙarin ko sisi ba. A ranar Amazon ya soke ƙarin kuɗin da yake karɓa tun 2019 a kan irin wannan sauti. Abin da ake sayarwa da tsada ya koma gyara. A 2024 Tidal ma ya haɗe matakan farashinsa wuri guda. Apple da Amazon na iya yin wannan kyauta domin ribarsu ta ainihi tana cikin wayoyi da lasifikoki da sauran hajoji. Spotify, wanda sauraro ne kasuwancinsa, ya rasa abin da zai ɗora wa ƙarin farashi.

Inda ingancin yake maƙalewa

Dalilin da ya sa jama'a ba su yi tururuwa zuwa cikakken sauti ba yana da alaƙa da hanyar da waƙa ke bi kafin ta isa kunne. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, sauraro ya karkata zuwa Bluetooth. Hanyar Bluetooth ƙunci gare ta, don haka a mafi yawan na'urori sai waya ta sake matse sautin kafin ta aika shi. Wanda ya kunna cikakken sauti ya saurara da AirPods ta Bluetooth, matsattsen sauti ne ke shiga kunnensa, kuma Apple da kansa ya faɗi haka. Mai son cin moriyar abin sai ya koma ga waya mai igiya, da iyafis ko lasifika na kirki, da wuri marar hayaniya.

Kunnen ma yana da iyaka. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji har zuwa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma wannan yana raguwa da shekaru. Ma'aunin CD ya riga ya rufe wannan iyaka. A 2007 wasu masu bincike biyu a Boston, Brad Meyer da David Moran, sun gwada mutane da sautin da ya fi na CD da kuma wanda aka mayar daidai da CD, ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. A gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da abin da canki-canka zai bayar.

Wani abin lura shi ne gyara mafi amfani da manhajojin suka yi wa sauti ya fito ne daga neman sauƙi. Tun shekarun 1990 kamfanonin waƙa ke gasar ƙure ƙarar faifansu don ya fi na wasu amo a rediyo, suna danne bambancin da ke tsakanin sassa masu taushi da masu ƙarfi. Kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica a 2008 ya yi ƙaurin suna a wannan, har masoyansu suka gwammace kwafin da ke cikin wasan bidiyo na Guitar Hero. Da manhajoji suka fara daidaita ƙarar dukan waƙoƙi, don kada mai sauraro ya riƙa kai hannu ga maɓallin murya duk bayan waƙa, sai ƙure ƙara ya rage amfani. Wanda ya ƙure, manhaja za ta sauke shi.

A yau bambancin manyan manhajojin ya koma ga wasu abubuwan. Apple Music da Tidal da Amazon Music da Qobuz na Faransa suna kaiwa ma'auni mafi zurfi. Spotify yana da matakin kyauta mai talla, ya kuma yi fice wajen haɗa jerin waƙoƙi da saurin komawa daga waya zuwa lasifika ko mota. YouTube Music ya tsaya a kan kilobit 256, amma yana jingine da rumbun YouTube, inda ake samun abubuwan da babu su a wani wuri.

Ma'aunin data

A Najeriya da Nijar tarihin ya bi wata hanya dabam. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, da zuwan wayoyi masu ɗaukar katin memori, magajin mai shagon kaset ya zama mai tura waƙa: saurayi da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha, yana cika wa mutane memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Daga nan waƙa ta riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ta wannan hanya ce kundin farko na Mdou Moctar, makaɗin gita Buzu daga Nijar, wanda aka naɗa a Sakkwato a 2008, ya ratsa yankin Sahel, har wata waƙarsa ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da Christopher Kirkley ya fitar a Amurka a 2011.

Manhajojin da suka fara kafuwa a wannan kasuwa su ne waɗanda suka fahimci cewa sauƙi a nan yana nufin data da hanyar biya. Boomplay ya fara a Najeriya a 2015, kuma yana zuwa ne a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, domin kamfanin Transsion na Sin mai ƙera wayoyin yana da hannu a cikinsa. Audiomack, wanda aka kafa a New York a 2012, ya samu karɓuwa saboda yana barin mutum ya sauke waƙoƙi da yawa kyauta ya ji su ba intanet, mawaƙi kuma ya ɗora aikinsa da kansa. Spotify bai iso Najeriya ba sai Fabrairun 2021, a kan naira 900 a wata.

Lissafin Apple da kansa ya bayyana dalili. Waƙar minti 3 tana cin megabait 6 a matsattsen sauti mai kyau, megabait 36 a cikakken sauti, megabait 145 a ma'auni mafi zurfi. Gigabait ɗaya ke nan zai ɗauki waƙa kusan 165 a matakin farko, ƙasa da 30 a na biyu, 7 da ƙyar a na uku. Ga mai sayen data da guminsa, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin sadarwa da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, amsar a fili take.

Sauƙin yana da farashin da ba a rubuta shi a takardar biya. Kaset mallaka ne, manhaja haya ce. A Janairun 2022 Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify saboda saɓani da kamfanin, masu sauraronsa suka wayi gari babu su, sai a 2024 ya mayar. Tun 2024 kuma Spotify ba ya biyan ladan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, abin da ya fi shafar ƙananan mawaƙa.

Ga tsofaffin waƙoƙin Hausa kuwa, tambayar wace manhaja ta fi zaƙin sauti tana zuwa ne a baya. Cikakken sauti yana isar da abin da aka ba shi ne daidai yadda yake. Da yawa daga waƙoƙin Shata da Musa Ɗanƙwairo da ke yawo a intanet an ɗauko su ne daga kaset ɗin da aka kwafa sau da dama, aka matse su zuwa MP3, aka sake matsewa wajen ɗorawa. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ya zube a hanya. Ingancin waɗannan muryoyi ya dogara ne ga faifai da zaren naɗi na asali da ke ajiye a ɗakunan adana na gidajen rediyo irin na Kaduna da Kano da Yamai, da hannun iyalai da masu tarawa. Zaren naɗi yana lalacewa da zafi da laima, kuma na'urorin da ke iya karanta shi suna ƙara ƙaranci. Duk wanda aka juye zuwa kwamfuta da kyau tun yana da rai, manhajojin yau suna da faɗin da za su kai shi ga kunne ba tare da ragi ba.